Sayen Mota a Katsina da Daura: Wane Aji Za Ka Ɗauka, Kuma Kuɗi Hannu ko Kashi-Kashi?

Za ka tarar da motoci biyu a jere a wurin dillali, duka Camry, duka ƙirar 2010, launinsu ɗaya, amma a ce maka tsakaninsu akwai naira miliyan ɗaya da rabi. Bambancin yana cikin 'yan haruffan da ke manne a bayan but: wannan LE, waccan XLE. Dillali zai buɗe maka rufin gilas na ta biyun, ya nuna maka kujerun fata, ya ce ful ofshin ce. A nan mutane da yawa ke fara tunanin bashi, don kuɗin da suka zo da shi na LE ne, ido kuma ya riga ya zauna a kan XLE. Shi ya sa ba a raba maganar aji da maganar biya. Shawararmu tun daga farko ita ce: a ci bashi, in ya zama dole, domin inji mai lafiya da takardu masu kyau, amma kada a ci shi domin kujerar fata.

Fara da sanin kuɗin motar na gaskiya

Abin da ke asusunka ba shi ne kuɗin mota ba. Cire kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ka ajiye gefe kafin ka taka wurin dillali. Daga ciki za a biya la'ada, rajista ko canjin mallaka, inshora, da gyaran farko. Gyaran farko ba ya wuce juyen baƙin mai da filta, man giya, ruwan lagireto, fulogi, takalmin birki, sau da yawa kuma batir da tayoyi. Motar Beljiyam takan zo da tayoyin da zanensu ke da kyau amma sun tsufa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin iyakar taya, kuma kwaltar Katsina zuwa Kano a watan Afrilu ba ta yi wa tsohuwar taya uzuri.

Wanda ke da miliyan 12, ke nan motar miliyan 10 da 'yan kai yake nema. Wannan adadin ka riƙe a ranka, kada ka faɗa wa dillali.

Abin da haruffan ke nufi

Yawancin motocin da ke kasuwarmu na Amurka da Kanada ne, don haka tsarin ajinsu na can ne. A Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, akwai ta ƙasa, sai LE, sai SE, sai XLE. LE ce ta tsakiya: kujerun yadi, kujerar direba mai lantarki, taya 215/60R16. SE an yi mata shokazoba mai tauri, da bamba mai ƙarin leɓe a ƙasa, da taya 215/55R17. XLE tana da esi mai sarrafa kansa wanda ke raba sanyin direba da na fasinja, da kafar iska ta kujerun baya, da rufin gilas, mai injin V6, wato mai fulogi shida, kuma da kujerun fata. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 akwai CE, LE da S; a ta 2009 zuwa 2013 an ƙara XLE, akwai kuma XRS mai inji 2.4 maimakon 1.8. Honda Accord tana tafiya da LX, EX, EX-L. Sienna kuma CE, LE, XLE, Limited.

Abin lura shi ne, LE da XLE masu fulogi huɗu na shekara ɗaya injinsu ɗaya ne, giyabos ɗaya, bodi ɗaya. Ƙarin kuɗin ba ya sayo maka ƙarko. Yana sayo jin daɗi, tare da ƙarin abubuwan da za su iya lalacewa.

Ware abin da ba a iya ƙarawa daga baya

Wannan matakin ya fi kowanne nauyi, don haka a tsaya a kansa.

Inji ne na farko. Camry mai fulogi huɗu ta 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da 2.4, wato 2AZ-FE, wanda aka sani da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin. Daga 2010 aka koma 2.5, wato 2AR-FE, wanda ya fi shi kwanciyar hankali. Saboda haka LE ta 2010 ta fi XLE ta 2008 zama abin saye, ko da farashinsu ya zo ɗaya. V6 ɗin 3.5 inji ne mai ƙarfi da ƙarko, sai dai yana cin kusan lita 6 na baƙin mai a kowane juye, mai fulogi huɗu kuwa lita 4 da 'yan kai. Kwayil shida ne maimakon huɗu, kuma fulogi uku na layin baya sai an kwance bututun shigar iska na saman inji kafin a kai gare su, aikin da ke ƙara kuɗin bakanike. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, mai V6 kan daɗe a hannun mai sayarwa. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce gida, ofis, makarantar yara, da Katsina zuwa Daura lokaci-lokaci, tafiyar kusan kilomita 80, ba shi da abin yi da V6.

Giya ce ta biyu. A Corolla ta 2014 zuwa 2016, ajin L yana zuwa da tsohuwar giya mai hawa huɗu ko ta hannu, LE da yawancin S kuwa CVT ne, wato giya mai sarrafa kanta wadda ba ta da hawa-hawa. CVT tana rage shan mai kuma tana da laushi, amma man giyarta daban ne, kuma in yaron shago ya zuba mata na giyar gargajiya, ƙarshenta sayen wani giyabos. Ko a tsofaffin ma akwai bambanci: Corolla ta 2003 zuwa 2008 man giya nau'in T-IV take sha, Camry Muscle kuma WS. Wanda ke zaune a ƙauyukan Zango, Baure ko Sandamu, inda bakanike mai na'urar sikana yake da nisa, ajin ƙasa mai giyar gargajiya ya fi masa sauƙin riƙo.

Kayan tsaro ne na uku, kuma nan ne kaɗai muke ganin ƙarin kuɗi ya halatta ba tare da jayayya ba. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, birkin ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, da jakunkunan iska na gefe ba kowace ke da su ba, zaɓi ne aka yi wa mai sayen farko. Na'urar hana zamewa, VSC, ta zama dole a kowane aji na Camry da Corolla daga ƙirar 2010. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba: fitilun ABS, jakar iska da injin duk su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an liƙe ta don ɓoye matsala.

Sauran kuwa, allo, kyamarar baya, rim na alminiyam, rigar kujera, duk ana sa su a gari a rana ɗaya, da kuɗin da bai kai ko kusa da ratar LE da XLE ba.

Abin da zafi da ƙura ke yi wa manyan aji

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina na haura digiri 40. Fatar kujerar da ta yi shekara goma a wata ƙasa mai sanyi takan bushe ta tsattsage cikin bazara ɗaya ko biyu in mota na kwana a rana. Dashbod ɗin Camry Muscle kuma an san shi da narkewa ya yi danƙo, a kowane aji; shafa shi da hannu kafin ciniki.

Rufin gilas yana da ƙananan bututu a kusurwoyinsa masu zubar da ruwa ƙasa. Ƙurar hunturu ta toshe su, ruwan Agusta ya zo, sai ya bi ta silin ya sauka ƙarƙashin kafet, inda wayoyi suke. Daga nan rewaya ya samu kwastoma. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe rufin, zuba rabin gorar ruwa a hankali a cikin kwatarsa, ka duba ko ya fito ta bayan tayoyin gaba. Ɗaga kafet ka shinshina.

Esi mai raba sanyi yana aiki da ƙananan motoci masu juya ƙofofin iska a bayan dashbod. Ɗaya ya mutu, gefe guda ya riƙa hura zafi. Makulli mai dannawa in ya ɓata, sabo da haɗa shi da kwamfutar mota ya ninka na gargajiya sau da yawa, don haka ka nemi biyu tun wurin saye. Ƙofofin Sienna masu buɗe kansu suna da waya da kan tsinke in yashi ya cika layinsu. Sienna mai jan ƙafa huɗu kuma ba ta zuwa da safaya daga kamfani, abin da ba ka so ka gano da dare a hanyar Dutsin-Ma. SE da S kyawunsu a ido yake: siririyar taya da leɓen bamba ba sa jituwa da ramuka da tudun rage gudu na cikin unguwa.

In za mu zaɓa wa magidanci, LE ko LX mai fulogi huɗu muke zaɓa. Su suka fi yawa a hanya, kayansu sun fi samuwa, kuma ranar da buƙata ta taso su ke fara samun mai saye. Babban aji yana da hujja ga mai yawan doguwar tafiya da iyali, inda kafar esi ta baya ke da amfani na gaske, da sharaɗin kuɗin na hannu.

Tabbatar abin da aka rubuta a but gaskiya ne

Haruffan XLE a kasuwar kayan gyara ake sayensu, gam ne kawai. Ana kuma canza fitilu da bamba a mai da 2007 ta koma kamar 2010, ko Corolla 2014 ta yi fuskar 2017. Abin dogaro shi ne lambar shasi mai harafi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a dogaran ƙofar direba. Su biyun da ta takardun kwastan dole su zama ɗaya. Harafi na goma shi ne shekara: 7 na nufin 2007, 8 da 9 haka, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, a ci gaba, ana tsallake I, O da Q. Sa lambar a shafukan binciken shasi na intanet, ka biya kuɗin rahoton tarihi in akwai. Zai nuna ajin asali, da ko motar ta yi haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta, da adadin tafiyar da aka rubuta mata kafin a loda ta jirgi.

Ka zo da bakanikenka, ba na dillali ba, da safe inji na sanyi. A sa sikana, a leƙa ƙasa a ga ko katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na nan, a yi tafiyar minti ashirin da esi a kunne.

Maganar kwastan a jiharmu ba wasa ba ce. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma muna da Jibiya da Kongolam a bakin ƙofa. Motar da farashinta ya faɗi ƙasa da na kasuwa sosai, sau da yawa duti ne babu ko ba a biya shi cikakke ba. Kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Banki ma ba zai karɓi mota marar duti ba.

Yanzu lissafin biya

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman zagaye, ka sauya su da waɗanda aka ba ka. Mota miliyan 12. Ka ba da kashi 30, wato 3,600,000, saura 8,400,000 a biya cikin wata 36.

Wani ya ce ribarsa kashi 20 ce a shekara, a kan jimillar kuɗin tun daga farko har ƙarshe. Wato 8,400,000 sau 0.2 sau 3, ya ba da 5,040,000. Kowane wata 373,333. Wani kuma ya ce nasa kashi 30 ne, amma a kan abin da ya rage bayan kowane biya. Wannan yana zuwa kusan 356,600 a wata, ƙarin da ke kai gaba ɗaya kusan 4,437,000. Mai kashi 30 ya fi mai kashi 20 araha da fiye da 600,000. A wannan ramin mutane suka fi faɗawa. Don haka kada ka tsaya kan kashi nawa. Tambaya ɗaya ce: daga yau har ranar da motar za ta zama tawa, naira nawa za su fita daga hannuna? A rubuta maka a takarda, wata bayan wata.

Ba a nan kuɗin ya tsaya ba. Mai ba da bashi zai wajabta cikakkiyar inshora ko takaful, wato inshorar tsarin Musulunci. Tun Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa mafi ƙarancinta kashi 5 na darajar mota, wato 600,000 a shekara a misalinmu, kusan 1,800,000 a shekara uku, alhali inshorar ɓangare na uku ta motar gida 15,000 ce. Akwai kuɗin gudanarwa, wanda ƙa'idar Babban Banki ta tsayar a kan kashi 1, wato 84,000, akwai na'urar bin sawu. In ka haɗa, motar miliyan 12 ta tashi sama da miliyan 18. In aka rage lokacin zuwa wata 24, biyan wata ya hau kusan 469,700, amma ƙarin ya sauka zuwa kusan 2,872,000. Gajeren wa'adi ya fi ciwo a wata, ya fi sauƙi a jimla.

Yanzu koma kan ratar nan ta miliyan ɗaya da rabi tsakanin LE da XLE. In ta shiga cikin bashin wata 36, za ka biya mata kusan 2,290,000, da ƙarin inshora 225,000. Miliyan biyu da rabi ke nan a kan rufin gilas da kujeru, kuma ranar sayarwa mai saye injin zai saurara.

Bankuna sukan so biyan wata kada ya wuce kusan sulusin albashi. Biyan 356,600 yana neman albashin da ya haura miliyan ɗaya a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama 70,000 a 2024. Kuma tun Agusta 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu mai ɗauke da lambar BVN ɗinka in ka gaza.

In ba makawa sai kashi-kashi

Yawancin mutanenmu ba sa son bashin ruwa, kuma ko ta fuskar lissafi yana da tsada: Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamba 2024, bankunan kasuwanci kuma a saman wannan suke ɗorawa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun ƙaru tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Hanyoyi biyu suka fi amfani da su.

A Murabaha, kai ke nuna motar, ka kawo takardar farashi daga dillali, banki ya saye ta ta zama mallakarsa, sannan ya sayar maka da riba sananna. Farashin ba ya motsi bayan an sa hannu. Tsarin na da muhimmanci: in kai ka riga ka ƙulla ciniki da dillali, banki ya turo kuɗi kawai, cinikin ya samu matsala a shari'ance. Ka tambayi abu biyu: in na biya da wuri za a rage mini, kuma nawa? Sau da yawa ragin yana hannun banki ne, ba haƙƙinka ba. In na makara kuma me ake caji, ina yake zuwa? A Ijara kuwa motar na bankin ce kana biyan haya har ta koma taka a ƙarshe. A nan ka tantance wa ke ɗaukar takaful da babban gyara, da ko kuɗin hayar na iya sauyawa. Halascin tsarin bai mai da shi araha ba, lissafin da muka yi a sama shi za ka yi masa. Bankuna da yawa kuma suna da iyakar shekarun motar da suke karɓa, da jerin dillalan da suka amince da su, to ka tambaya kafin ka fara yawon nema.

Ga ma'aikaci, ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki takan fi banki sauƙi, musamman in abin da ya rage kaɗan ne. Adashi da ɗauka ta kusa shi ma yana cike giɓin miliyan ɗaya ko biyu ba tare da ƙarin kwabo ba. Akwai kuma dillalan da ke ba da mota a biya rabi, sauran cikin wata uku zuwa shida. Mafi yawan malamai sun halatta farashin ajali ya fi na hannu, muddin an tsaya a kan farashi ɗaya da lokaci sananne a wurin ƙulla ciniki. A rubuta, da shaidu biyu, a fayyace wa ke riƙe da takardun asali da makulli na biyu, da abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka biya in ka gaza. Amana ba ta hana rubutu, ko da dillalin ɗan unguwarku ne kuna sallah sahu ɗaya.

Akwai inda kashi-kashi ke da hujja. Wanda ya ƙulla Murabaha kafin a saki naira a Yuni 2023, lokacin dala na wajen 460 a farashin gwamnati, ya ci gaba da biyan tsohon farashi yayin da dala ta haura 1,500 a 2024, motoci suka bi ta. Amma wannan sa'a ce, ba a gina shiri a kanta. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce motar da ke neman kuɗin kanta, kamar Sienna ko Sharan a layin Katsina zuwa Kano, ko ɗan kasuwar da littafinsa ya nuna jarinsa na kawo ribar da ta fi abin da bankin zai ɗora. Ko a nan, ajin ƙasa ko na tsakiya za a ɗauka, a ba da kafin alƙalami mafi girma da za a iya, a zaɓi wa'adi mafi gajarta, a kuma ajiye biyan wata uku a gefe saboda ranar da motar za ta kwana gareji.

Ranar biya

Mai kuɗi hannu yana da ƙarfin tayi, ya yi amfani da shi: kowane aibi da bakanike ya gano, tayoyi, shokazoba, gas ɗin esi, a sa masa farashi a cire. A daidaita la'ada da wanda zai biya ta kafin a yi sallama. Tura kuɗin ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na takardar ciniki, ka rubuta lambar shasi a bayanin turawar. Karɓi takardun kwastan na asali, rasit, da yarjejeniyar sayarwa. In 'yar gida ce, ƙara da shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lamba da hoton katin shaidar mai ita, sannan ka yi canjin mallaka a ofishin lasisin motoci na hukumar harajin jiha cikin makon, ka duba inshorarka a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa da ke intanet, don ta bogi ta yi yawa.

Mai kashi-kashi kuma aikinsa bai ƙare da biyan ƙarshe ba. Ya karɓi wasiƙar da ke shaida babu sauran bashi a kansa, da takardun asali, da makulli na biyu, a cire sunan banki daga rajista da inshora, a kuma kashe na'urar bin sawu ko a mai da ita sunansa.